Tayar Injiniya Ja'afaru

Injiniya Ja'afaru ya waiga, ba kowa, sai ya sace iskar tayar kekensa. Duk safiyar Juma'a haka yake yi, tun da likita ya ce ya riƙa tuƙa keke don ya rage tumbi. Yakan sha shayinsa a unguwar Bin Omran, ya koma ya gaya wa matarsa Talatu wai faci ya yi.

Sai ga Garzali mai gadin gidansa a kan nasa keken.

"Yallaɓai, faci ne?"

"Wuce abinka, na gode."

"Haba, mu 'yan keke ba ma wuce juna." Ya zaro famfo ya cika tayar tam. "Yalla, mu je, har can unguwar Al Rayyan zan raka ka."

Tafiya ta miƙa, Injiniya na haki. "Kai kullum da famfo kake yawo?"

"A'a, jiya Hajiya Talatu ta saya min."