Mai Yanka a Gindin Kututture

"Yau ma?" Malam Zakariyya ya tsaya cak a gaban kututturen tsamiyar da ke bayan kamfanin fata a Challawa. Ga ɗanyen jini, ga gashin baƙar kaza a warwatse.

Shi ne limamin ma'aikata. Shi ya sa aka sare tsamiyar shekarun baya, ranar da mutanen ƙauyensu da ke gefen kamfanin suka rantse sun daina yi mata yanka. Amma tun da inji ya cinye hannun wani ma'aikaci tsoro ya shiga zukata, wani ya koma yin yankan a ɓoye.

Ya yi wa'azi har muryarsa ta dushe, jinin bai daina ba. Sai ya roƙi Dabora, mai kula da kyamarorin kamfanin, ta juya ɗaya daga cikinsu wajen kututturen.

Ranar Litinin ta kira shi ofis. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Malam, don Allah ku bar maganar nan."

"Nuna min. Ko ƙanena ne, sai ya tuba a gaban jama'a."

Ta kunna bidiyon. Da hantsi wani mutum ya zo da kaza, ya durƙusa, ya yanka da hannun hagu yadda kakan Zakariyya yake yi. Ya daɗe goshinsa na ƙasa. Sannan ya ɗago, ya kalli kyamarar, ya yi murmushi.

Fuskar Zakariyya ce.

Bai tuna komai ba. Ya dubi hannunsa na hagu, sai ga busasshen jini a ƙarƙashin farce.

A waje ladan ya tayar da iƙama. Sahu ya cika, shi ake jira.