Saƙon Tarakta

Tanimu, kwana uku ke nan kana yawo da takardar asibitin nan a aljihu, ka ƙi nuna wa wanda zai karanta maka, sai rama kake yi kana cewa lafiya lau. Zauna in ba ka misalin wani manomi.

Manomin nan abin da ya mallaka a duniya gona ce da shanun huɗa biyu, sai 'ya guda da ke makarantar kwana a birni. Shi bai taɓa zama a aji ba, kuma tun ranar da ya kai yarinyar 'yan'uwansa ke yi masa dariya, wai boko sai ta cinye masa gona kafin ta ba shi ko allura. Ana dab da saukar ruwan shuka, sai direban motar da ke zuwa garinsu ranar kasuwa ya leƙo ta taga, inji na ruri, ya ce wa manomin 'yarsa ta ba da saƙo: malaminsu ya ce duk wadda ba ta kawo tarakta ba zuwa Litinin, ba za ta zauna jarrabawa ba. Kafin ya buɗe baki direba ya ja mota.

Manomin ya tsaya yana juya maganar. Ya san makarantar tana da gona, sai ya ƙulla a ransa cewa hayar tarakta aka ɗora wa iyaye, kuma ya san abin da hayarta ke ci a bakin damina. Tsoro ya shige shi. Da ya rufe ido sai ya ga yarinyar ta sauko daga mota da akwati a ka, shekara uku sun tafi a banza, ga 'yan'uwansa jere a gindin bishiya suna kallo. Akwai malamin firamare a garin, gidansa bai fi taku hamsin ba. Sau biyu yana zuwa har bakin zaure zai yi sallama, sai ya tuna matar malamin ƙanwar matar wansa ce, kafin la'asar magana ta zaga dangi. Ya juya. Matarsa ta tambaye shi abin da ke cinsa, ya ce zazzaɓi ne. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi da mutumin: ya fi tsoron a ce bai sani ba da a ce ya yi asara.

Ranar Lahadi ya kwance jan sa daga cikin biyun, wanda ya hora da hannunsa tun yana maraƙi, ya ja shi zuwa kara, kasuwar shanu. Dillalai kuwa ba a ɓoye musu gaggawa, a fuska suke karanta ta. Suka taya masa abin da ransu ya so, ya sallama. Yana tsaye aka tura san cikin babbar mota mai zuwa kudu.

Litinin da hantsi yana ƙofar makaranta. Aka kai shi wurin malamin 'yarsa, ya durƙusa duk da a haife ya haife shi, ya ciro ƙunshin kuɗi daga aljihun ciki, ya shiga ba da haƙuri: bai samo taraktar ba, amma ga kuɗin haya, a dubi Allah kada a kori yarinyar. Malamin ya saurare shi har ya kai aya. Can ya ja aljihun tebur ya ɗauko wata 'yar roba mai kama da rabin faifai, gefenta duk zane da lambobi, ana ganin tafin hannu ta cikinta.

Ya ce, "Baba, furotakta na ce. Ga irinta. Kusurwa ake aunawa da ita a lissafi. Mai teburin bakin ƙofa yana sayarwa."

Manomin ya fita ya saya. Kuɗinta bai kai na ƙwai biyu ba, har mai teburin ya rasa canjin da zai ba shi. Ya miƙa wa 'yarsa, ta yi murna ta ruga aji, ba ta san abin da aka sayar ba, shi kuma bai faɗa mata ba.

A hanyar komawa hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kowa a motar yana hamdala ban da shi. Yanzu ne tsoro na gaskiya ya zo. Ya koma kara washegari, ya tarar ruwa ya sauka kuɗin shanu ya tashi, abin da ke hannunsa ba zai sayi ko ɗan bijimin da bai san garma ba, kuma wa zai sayar da horarren sa ranar da ƙasa ta jiƙe? Maƙwabta suka fita huɗa, shi ya tsaya a bakin gona da sa ɗaya da karkiya mai wuya biyu. A daminar nan da fartanya ya yi abin da ya iya, rabin gonar ya kwana ciyawa, rumbunsa bai kai su bazara ba. Taku hamsin ne kawai tsakaninsa da wanda zai warware masa kalma ɗaya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, rashin sani ya fi dare duhu.