Macen Cikin Waƙar

Evaristo ya dafe ƙirji, ya ja waƙarsa ta tango, salon kiɗan Ajantina, da duk Buenos Aires ta haddace, ta macen da ta ci amanarsa har ya rantse shi da soyayya har abada.

Ofelia na goge tebur a gidan abincin da yake waƙar, wata tsohuwa ta riƙo hannunta tana matsar ƙwalla.

"'Yar nan, kin ji muguwa? Allah ya isar wa bawan Allahn nan! Ko kin san ta?"

"Farin sani, Iya." Ofelia ta zare hannunta. "Ni ce. Da tsohon ciki ya gudu ya bar ni, yanzu aurensa uku. Amma a tango wa ya taɓa tafa wa namijin da ya gudu?"