Giyar Taimin da Idon Baban Aku

Motar hayar Baban Aku ta kwana a ƙofar gida baki buɗe. An cire lagireto an jingine da bango, an kwance bel, an tara kusoshi a tsohon kwanon Maman Aku. Abu ɗaya ya rage, giyar taimin: wani ɗan faifan ƙarfe mai haƙora da ke zaune a bakin karanshaf, sandar nan da ke juyawa a cikin inji. Haƙoranta sun cinye, dole a sauya ta, amma tsatsa ta riƙe ta gam.

Makanikin unguwa ya leƙo da safe, ya fesa mata mai, ya ce, "Ku bar ta ta sha. Gobe zan zo da fula, abin zarewa mai ƙafa uku, in janyo ta a hankali. Kada wanda ya doke ta. Ƙarfen nan ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi."

Bai daɗe da tafiya ba sai ga yayan Baban Aku, wanda kowa ke kira Ba-Jira, riƙe da guduma da cizal.

"Gobe?" Ya yi dariya. "Wannan 'yar abar ce za ta kwanar da kai ba aiki? Riƙe min cizal ka ga aikin maza."

Maman Aku tana wanki a bakin ƙofa, jariri a goye. 'Yarsu mai shekara huɗu, da ake kira Aku saboda surutu, tana zaune a 'yar kujerarta gefen taya, tana miƙa wa babanta sifana ko bai tambaya ba.

Duka na farko, ba abin da ya motsa. A na gaba wani abu ya yi ƙara a jikin bahon wanki. Maman Aku ta duba, ta tsinci ɗan ɓallin ƙarfe kamar ƙwayar shinkafa, mai kaifi. Ta miƙe da kumfa a hannu, ta sunkuci yarinyar ta kai ta ɗaki, ta dawo.

"Yaya, don Allah ku dakata. Dubi abin da ke tashi. Baban Aku, in ma ba za ku bari ba, gilashin aikinka yana rataye a ƙusa."

"Iko sai Allah," in ji Ba-Jira. "Ashe injiniya muka auro. Ke koma ki ji da sabulunki."

"Sabuluna bai taɓa tsone wa kowa ido ba, Yaya."

Baban Aku ya kalle ta, ya kalli yayansa. Kunya ta hana shi tashi ya ɗauko gilashin. Ya ce, "Shiga ciki, yanzu za mu gama." Ya ƙara sunkuyawa don ya daidaita bakin cizal tsakanin haƙora.

Guduma ta sauka. Baban Aku ya saki cizal, ya dafe ido, ya durƙushe.

"Ɗan tsinke ne, buɗe in hure maka," in ji Ba-Jira. "Murza shi zai fito."

"Wallahi ba mai taɓa idon nan!" Maman Aku ta riƙe hannuwan mijinta biyu, ta kifa masa ƙaramin kofi a kan idon, ta ɗaure da ɗankwalinta. Ita ta tare abin hawa, ita ta kai shi asibiti, jariri na tsala kuka a bayanta.

Likita ya ciro ƙarfen, amma idon dama bai ƙara gani ba. Ya ce maganar tuƙin haya a ajiye ta tukuna. Mutumin da sitiyari ke ciyar da gidansa ya dawo ya zauna a tabarma da bandeji, Aku na tambayarsa yaushe idon zai farka daga barci.

Masu jaje suka yi ta shigowa. Kowa sai ya ce ƙaddara ce. Maman Aku ta yi ta amsawa, har ranar da Ba-Jira ya faɗi haka. Ta ce, "Na yarda da ƙaddara, Yaya. Amma an gaya mana kada a doka, aka doka."

Ba-Jira ya tashi ya fita. Washegari kuma sai ga shi da gudumar nan, wai zai ƙarasa aikin a ba wani direba motar. Ya tarar da Maman Aku tsaye a gaban bonet.

"Matsa, Maman Aku."

"Ba inda zan matsa. Ido ɗaya ya rage a gidan nan mai nemo mana abinci, ga na 'ya'yana. Ka kira ni marar kunya, ka kai ƙarata duk inda kake so. Guduma ba za ta sake taɓa motar nan ba."

Daga ɗaki aka ji muryar Baban Aku a sanyaye: "Yaya, ajiye ta."

Da hantsi makanikin ya zo, don jinya ta sa an ɗaga zuwansa sai ranar. Ya maƙala ƙafafun fula a bayan giyar, ya riƙa juya kusar tsakiya sannu a hankali. Kafin ruwan da Maman Aku ta ɗora ya tafasa, giyar ta yi 'yar ƙara ta zame ta faɗo a tafin hannunsa.

Baban Aku ya fito yana dafa bango. Ya karɓe ta, ya juya kai don ya dube ta da idon hagu. Ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ta fita?"

Makanikin ya gyaɗa kai, ya hau tattara kayan aikinsa.

Iyaye da masu sana'a, abin da ya ƙi fita ku jira kayan aikinsa, ku kare idanunku, ku janye yara daga inda ake dukan ƙarfe. Kuma idan kin ga ganganci a ƙofar gidanki, 'yar'uwa, ki yi magana ko da wa ke riƙe da gudumar. Kunya ba ta mayar da ido.