Kwanon Maginiya a Gidan Birni

Ke da kike tambaya me ya sa abincin da ya riƙe uwa yake yi wa 'yarta nauyi, gyara zama ki ji wannan misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye bakin fadama, siririya kamar sillen kara, amma in ta tashi daga gaban tuwon dawa sai ki rantse mutum uku ne suka yi aikin. Kullum bayan sallar asuba takan gangara fadama ta haƙo yumɓu, ta ɗoro a ka, ta tattake shi da ƙafa har gumi ya jiƙa mata zane. Ranar kasuwa kuma ta ɗaure tukwane ta taka da su har garin gaba. Haihuwarta bakwai, duk lafiya lau. Autarta ta yi aure a birni, gida mai famfo a tsakar gida, ga injin niƙa a bakin ƙofa, sana'arta kuma ɗinkin hula, daga safe har la'asar tana zaune a kan tabarma. To a ƙauyensu, in amarya ta shekara ba ta yi jiki ba, sai a ce miji ya gaza, tsofaffi kuma su riƙa tambaya ina ɗa zai sami wurin kwanciya. Don haka maginiya ta aika wa autar da kwanon da ita kanta take cin tuwo a ciki, ta ce a cika shi fal dare da rana. Duk ranar kasuwa kuma direban motar birni ba ya tashi sai da fura, man shanu da dakuwa na auta. Yarinya mai biyayya, ba ta taɓa mayar da hannun uwa baya ba. Cikin shekara uku sai ga auta ta cika ta batse, gwiwa na ciwo, numfashi na yankewa, cikin da ake jira kuwa shiru. Malamar asibiti ta auna ta, ta ce hawan jini ya fara leƙowa, gara ta rage jiki tun ciki bai zo ba, don in ya tarar da ita haka, ita da ɗan za su sha wuya.

Da labari ya kai ƙauye, maginiya ta yafa gyale ta hau mota, tana faɗa tun daga tasha. Ta ce da wannan kwanon ta haifi bakwai, ko ciwon kai ba ta sani ba, kuma za ta zauna ta ci abin da ta saba ci a gaban kowa, a ga ƙaryar malama. Ta zauna kuwa. Ruwa ya zo mata har gindin murhu, gari ya zo a niƙe, in za ta unguwa ɗan adaidaita sahu na jiranta a ƙofa. Kafin kwana arba'in bakin zanenta ya ƙi haɗuwa. Ran nan ta zo tashi daga sujada, sai da ta yi nishi ta dafa bango. Da ta sallame, auta ta sunkuyar da kai tana ƙunshe dariya, ta ce, "Inna, ko ke ma in kai ki wajen malamar ne?" Maginiya ta yi mata daƙuwa, sannan ita ma dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Ta ce, "Ja'ira! Ashe ba ni nake cinye tuwon nan ba, hanyar fadama ce take cinye shi. Na aiko miki da kwano, na bar hanyar a gida."

Washegari ta nemi iznin surukinta, ta tasa 'yarta a gaba da sanyin safiya har lambun bayan gari, suka sayo zogale da alayyafo, suka dawo a ƙafa. Haka kullum. Man shanu ya koma na taɓawa, tuwo ya sauka rabin kwano, miya ta yi yawa, aka kuma aro turmi a maƙwabta don auta ta riƙa daka da kanta. Sannu a hankali gwiwa ta saki, malama ta sake awo ta yi murmushi. Haihuwa dai ta Allah ce, ba kwano ke ba da ita ba. Amma da Ya kawo cikin a lokacin da Ya so, ya tarar da mai ɗaukarsa da ƙarfinta, ta sauka lafiya, ɗa namiji mai kuka kamar ya fasa ɗaki.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.