Rijiya Mai Makulli

Da ajali ya matso, abu ɗaya tsohuwar ta roƙa: ruwan rijiya mai matakala, wadda ta shayar da ƙauyensu na jihar Rajastan ta Indiya shekara ɗari huɗu.

Ɗanta ya ɗauki makullin ƙofar rijiyar. Shi ya yi ta safa da marwa har hukuma ta sa rijiyar cikin kayan tarihi, ta killace ta, ta hana ɗiba. Ranar har fure aka rataya masa a wuya.

Ya sauka matakala saba'in, ya tarar gansakuka ta rufe ruwan, sai wari. Ya juya, ya cika kofin tagullarta a famfo.

Ta kurɓa, ta dube shi.

"Na famfo ne wannan, ɗana. Rijiya in aka daina ɗibarta, mutuwa take. Ta riga ni, ko?"