Ranar da Aka Hana Masu Bugu Tausa

Hajiya, na ga kin yi murmushi da na ce a riƙa kawo wa ma'aikatanmu mai tausa ko sau ɗaya ne a mako. Bari in ba ki wani misali tukuna, in kin ji sai ki yanke abin da kika ga dama.

A wani gari akwai gidan bugu, inda ake kawo shadda da manyan riguna bayan an wanke an sa sitati, a shimfiɗa kan gungume, a yi ta duka da gudumar ice har su yi sheƙi. Masu bugun bibbiyu suke zama, suna fuskantar juna, wannan ya sauke wancan ya ɗaga, har mai wucewa ya zaci kiɗa ake. Suna da wata al'ada da suka gada: in an idar da azahar ba mai taɓa guduma sai an shimfiɗa tabarma, mutum ya kwanta rub da ciki abokin bugunsa ya matsa masa kafaɗu da wuya da gadon baya, sannan su yi musanya. A nan ake tsokana. A nan wanda ya fito da damuwar gida yake amayar da ita, wanda aka ɓata wa rai da safe kuma ya huce, don da wuya ka ci gaba da fushi da mutumin da yatsunsa ke warware maka jijiyar wuya.

Ana nan sai mai gidan ya tsufa, ya miƙa wa ƙanensa ragamar gidan. Ba a jima ba wani attajiri ya kawo riguna sittin na bikin ɗansa, ya ce ranar Juma'a yake so, in an cika alkawari duk aikin gidansa nan zai riƙa zuwa. Sabon maigidan ya dubi ƙarti goma sha biyu kwance a tabarma da rana tsaka, ya ga asara kawai. Ya sa aka naɗe tabarmin, ya ce wanda ke son tausa ya bari sai ya koma wurin matarsa. Ranar farko kuwa aka yi aikin da ba a taɓa yi ba, har yana cewa ashe lalaci ne aka yi wa suna al'ada. Rana ta biyu hira ta ɗauke. Rana ta uku kafaɗu suka sandare, bugun ya daina tafiya tare, wannan na cewa wancan ya cika nawa, wancan na cewa wannan gaggawa gare shi kamar ana korarsa. Ranar Alhamis da la'asar wasu dattawa biyu, da suka shekara ashirin a kan gungume ɗaya ba a taɓa jin kansu ba, suka kaure da cacar baki. Ɗayan ya sauke guduma cikin fushi, ta faɗa a gefen gungumen, ta tsaga rigar ango daidai kan aikin wuya. Attajirin bai yi faɗa ba. Ya aiko aka kwashe masa kayansa, bugaggu da waɗanda ba a buga ba, aka kai wani gidan.

Maigidan ya tsare dattijon, yana tambayarsa yadda gwani kamarsa zai yi irin wannan ɓarna. Dattijon ya miƙa masa hannunsa.

"Taɓa ka ji, maigida. Kwana huɗu muna bugun kayan mutane su yi laushi, mu ba wanda ya taɓa mu."

To, Hajiya, namu mutanen ba guduma suke ɗagawa ba, amma daga safe zuwa yamma wuyansu a sunkuye yake kan kwamfuta, kuma kin ji yadda suka fara amsa wa masu kiran waya. Ba sai an jira wata riga ta yage ba. Hausawa sun riga sun faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya.